Kan Yayan Matata

Vila, 4 ga Oktoba

Zuwa ga matata Dokas, Uwar Sera,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Sera da haƙoranta huɗu. Ki gaishe mini da tsoho mahaifinki cikin girmamawa, da Inna, da Ticha Klemen, da duk wanda ya raka ni bakin ruwa ranar da na taso. Ni lafiyata ƙalau, sai dai shinkafa da naman gwangwani safe da yamma sun ishe ni. Rannan na yi mafarkin laplap ɗinki, gasasshen tuwon doyar nan naki, na farka ina tauna bargo.

Bayan haka, in a tsaye kike, nemi wuri ki zauna. Mu arba'in aka tara daga tsibirai, aka yi mako biyu ana tankaɗe da rairaya, jiya aka kira sunan mutum goma sha takwas. Mijinki, Hansel, wanda kika ce dogayen hannuwansa ba su da amfani sai tsinko kwakwa, shi ne golan Niu Hebridis. Ni zan tsaya a raga a Numeya cikin Disamba, ranar da tsibiran teku duka za su haɗu. Kuma ba ni kaɗai ba, yayanki ma an ɗauke shi, shi ne babban ɗan baya. Mutum biyu daga ɗan tsibirinmu da 'yan Vila ke tambaya ko yana cikin taswira! An ba mu takalman ƙwallo masu ƙusa. Nawa sun matse ni, ina tafiya kamar agwagwa, amma ba zan cire ba ko za su cinye mini yatsu.

Kocinmu Bafaranshe ne, Mesiye Lafon, gajere mai jan wuya, ba ya magana sai da ihu. Kyaftin ɗinmu Kalmari, mutumin Efate, shi ke yi mana tafinta.

Yanzu ga abin da ya tsaya mini a rai. Kin san tun da na aure ki ban taɓa buga ƙwallo gefe ɗaya da yayanki ba, shi yana aikin tashar jiragen Santo, ni ina gida. To yanzu a gabana yake tsaye, taku biyar tsakaninmu. Sunansa ba ya faɗuwa a bakina, wannan da sauƙi, sai in ce “Wulus!” kamar yadda kowa ke kiran ɗan'uwan matarsa, ya kuma gane. Amma ƙwallon sama fa? Kin san a al'adarmu ko kwando ne rataye a saman kansa ba ni da ikon miƙa hannu in sauko da shi. Aikin gola kuwa ke nan, ya tashi sama da kowa ya cafke.

Ranar Asabar mun yi wasan gwaji da ma'aikatan wani jirgin ruwa. Sau biyu aka ɗago ƙwallo ta nufo kan wulus, sau biyu ƙafafuna suka ƙi barin ƙasa, sau biyu ta kwana a raga. Koci ya cire hularsa ya taka ta.

“Tambaye shi,” in ji shi ga Kalmari, “jira yake a kawo masa ita a faranti?”

Da Kalmari ya yi masa bayani sai ya buɗe baki ya dube ni, ya dubi wulus, ya ce, “Kan nasa na gilashi ne?” Ya ce in na ƙara yin haka sau ɗaya, Piyer ɗan Vila zai karɓi ragar. Piyer yaron kirki ne, amma ƙwallo na bi ta hannunsa kamar ruwa a kwando.

Saboda haka ina roƙonki, ki sami tsoho shi kaɗai, lokacin da ya ci ya ƙoshi, ki lallaɓa shi ya ɗage mini wannan abu na wata biyu kawai, a cikin fili kawai. Shi ne uba, in ya ce ya yafe, ya yafu. Kin fi kowa sanin inda ake bi a shawo kansa.

Mijinki,
Hansel

*

Lewetam, 23 ga Oktoba

Baban Sera,

Na sami takardarka, na gode wa Allah da lafiyarka. Mu ma muna lafiya. Haƙoran sun zama shida, ta gwada su a kunnen kare. Doya ta yi kyau a gonar tudu, aladen Inna ya sake fasa shinge ya shiga gwazar maƙwabta, an yi surutu an gama.

Yanzu ka saurara, don raina a ɓace yake, da kai da ni kaina. Wane irin mutum ne zai ajiye maganar sirri a gindin takarda, bayan labarin takalmi da agwagwa? Shekara nawa ka yi a garin nan? Ba ka san yadda ake yi da wasiƙa ba? Jirgi ya iso ranar Lahadi ana fitowa daga coci. Kafin in kai hannu, gari duka ya san Hansel ya rubuto. Aka zaunar da ni a gindin bishiyar coci, aka kawo wa Baba kujera, tsofaffin ɗakin taron maza suka jeru a bayansa, aka ce in karanta.

Na karanta. Da na kai wurin da aka ce kai ne gola, mata suka rangaɗa guɗa, Ticha Klemen ya jefa hularsa sama ta maƙale a reshe. Da na ce an ɗauki yayana Edga ma, na ga Baba yana goge ido da bayan hannu. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye maka ba. Murya ta ƙara tashi, baki na gudu, ido bai riga shi duba gaba ba. Sai ji na yi ina faɗa da ƙarfi a gaban kowa, “ki sami tsoho shi kaɗai, lokacin da ya ci ya ƙoshi, ki lallaɓa shi.” Na so in haɗiye harshena, amma ina, magana ta riga ta fita.

Wani daga cikin tsofaffin ya yi dariya ta hanci ya ce, “Ashe da laplap ake sayenka.”

Baba ya ce, “Ƙarasa.”

Na ce, “Baba, sauran gaisuwa ce kawai.”

Ya ce, “Na ce ki ƙarasa, Dokas.”

Na ƙarasa. Ya miƙe a hankali, ya dogara sandarsa, ya ce, “Na ba yaron nan 'yata don na ga yana da kunya. Shekara uku bai taɓa ratsa gabana a tsaye ba. Yau saboda fatar da ake hura wa iska yana so ya hau kan ɗana na fari a gaban baƙi? Ku zama shaida. Ranar da ya ɗaga hannu a kan Edga, ranar ya maido mini 'yata da jikata.”

Da a ɗaki na same shi, na rantse maka da ya yi gunaguni ya ce a yi a ɓoye. Amma ya faɗa a gaban tsofaffi, ka kuwa san Baba. Tun ranar ba ya cin abincin da na kai masa sai Inna ta juye shi a kwanonta.

Ga jirgi can yana busa, mai kwale-kwale yana yi mini tsawa in kawo takardar. In har ka ɗaga hannu a kan Edga, kada ka neme ni a gidanka. Ka gaishe shi, ka ce ya rubuto wa Inna.

Dokas

*

Vila, 19 ga Nuwamba

Uwar Sera,

Ina gaishe ki, ina gaida Sera da mutanen gida. Lafiyata lau. Takalman sun saki.

Takardarki ta zo. Na karanta ta sau ɗaya a tsaye, sau ɗaya a zaune, sannan na je bayan fili inda ba kowa na ƙara karantawa. Maganar tsoho ba ta ba ni mamaki ba, kuma na yarda wautata ce ta jawo. Layinki na ƙarshe ne ya soke ni. Na ɗauka ko duniya duka ta ce kada in tashi, ke za ki ce, “Tashi, ina nan.” Ashe ke ma kin yanke naki hukuncin. To na ji. Ban san ƙwallo za ta kai mu nan ba.

Na nuna wa wulus takardar. Kin san shi da ƙarancin magana. Ya karanta, ya ninke, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, “Bari in je in ce wa koci gwiwata ta ƙi. In ba na cikin fili, ba kan da zai tare ka.”

Na ce, “Wulus, in ka fita, wa zai tare mutane kafin su iso ni? Kai ne katangar. Ni zan fita.”

Ya ce, “Piyer zai tsaya ke nan? Gara a jingina tabarma a ragar.”

Muka yi ta ja, kowa na neman ya sadaukar da kansa, har Kalmari ya zo ya same mu ya ce bai taɓa ganin mutum biyu suna faɗa a kan wa za a kora ba. Shi ya kai maganar gun koci. Mesiye Lafon ya riƙe kansa ya ce ya horar da 'yan wasa a ƙasashe uku, an kawo masa matsalar giya, an kawo masa ta mata, amma yau ne aka fara kawo masa ta kai. Daga ƙarshe ya ce Piyer zai fara, ni in zauna a benci.

Kwana goma ke nan ina zaune ina kallon wani a cikin ragata. In an ɗago ƙwallo sai in ji hannuwana suna tashi da kansu, in danne su a cinya. Ba na jin daɗin abinci. Na zaɓe ki, Dokas, ki sani. Amma ba zan yi miki ƙarya in ce ba ya ciwo ba.

An ɗinka mana riguna. Ba mu da tutar kanmu, sai ta Ingila da ta Faransa za a riƙe a gabanmu, kamar yaron da iyaye biyu ke ja, kowa ya kama hannu ɗaya. Duk da haka, ranar da muka saka rigunan muka jeru, ɗan Tanna kusa da ɗan Santo kusa da ɗan Malakula, mutanen da in ba da Bislama ba, harshen nan na gama-gari, ko gaisawa ba za mu iya ba, sai da tsigar jikina ta tashi. Ban taɓa sanin mu mutane ɗaya ba ne sai ranar.

Za mu tashi ranar biyu ga wata. Ban sani ba ko wata takardarki za ta riske ni kafin nan.

Hansel

*

Lewetam, 6 ga Disamba

Baban Sera, mijina, sarkin masu saurin fushi,

Muna lafiya, Sera ta fara cewa “gola”, duk da dai kare take kira da shi. Inna na fama da ƙafa amma da sauƙi.

Wai kai da wane ido ka karanta takardata? Maganar Baba na maimaita maka, abin da zai faru na gaya maka don kada ya zo maka ba shiri. Mai kwale-kwale na kaina yana ihu, takarda ta ƙare, ina zan sami wurin rubuta maka abin da ke zuciyata? Shekara uku muna kwana ɗaki ɗaya, ka ɗauka ni zan tattara kayana da kaina saboda ka kama ƙwallo? Na yi kuka da na ga “na zaɓe ki”, sannan na ji kamar in shaƙe ka. Wa ya ce ka zaɓa?

Ga tawa maganar, da manyan baƙi don kada ka sake karkata ta: KA KAMA ƘWALLON. Ban haƙura da wata uku ba miji, ina saran gonar tudu ni kaɗai, don ka je Numeya ka ɗumama benci ba. Abin da zai biyo baya, ni da Baba ne, ni na san uban da ya haife ni.

Ban zauna haka nan ba. Ranar Asabar da samarin Lewetam suka buga da na ƙetaren rafi, na ja Baba har bakin fili. Bai taɓa tsayawa ya kalli wasan ba, kullum cewa yake aikin marasa gona ne. Na nuna masa wanda ke cikin raga na ce, “Ka ga aikin surukinka ke nan.” Ya daɗe yana kallo. Can aka ɗago wata sama, golan ya yi tsalle ya bi ta kan mutane ya cafke.

Baba ya ce, “Duk sauran an hana su sa hannu, shi kaɗai aka yarda wa?”

Na ce, “Shi kaɗai.”

Ya ce, “In ta wuce shi fa?”

Na ce, “Ba kowa a bayansa, Baba. Kunyar ta kowa ce.”

Muka kama hanyar gida. Muna gab da shiga sai ya ce, “Aikin manya ne.” Nan da nan na ce to ya janye mana. Ya daka mini harara ya ce, “Abin da na faɗa a gaban tsofaffi in lashe shi a bayan ɗaki? In na yi haka gobe wa zai kawo mini rigimar iyakar gona in raba?” Ka ji inda muka tsaya. Amma ya koma cin abincina.

Na san takardar nan za ta isa Vila bayan kun tashi. Na roƙi mai jirgi ya ba wani mai zuwa Numeya in ya samu. Ticha Klemen ya sayo sabon batir, ya ɗaura wayar rediyonsa a kan kwakwa mafi tsawo. Allah Ya sa takardar ta same ka a kan lokaci.

Taka,
Dokas

*

Numeya, 19 ga Disamba

Dokas,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da Sera da iyayenmu. Ni lafiya, in ban da leɓe da ya fashe. Tun takardarki ta Oktoba ban sake jin komai daga gare ki ba, don haka ban san da wace fuska za ki karanta wannan ba. Ki karanta ta ke kaɗai tukuna, don Allah, wannan karon na sa gargaɗin a sama.

Na san rediyo ya riga ni. Mun zo na uku, an rataya mana lambar tagulla. Bari in gaya miki yadda aka yi.

Garin nan ya cika maƙil. 'Yan Tahiti da furanni a wuya, 'yan Solomon, 'yan Papuwa, kowa da waƙarsa. Ranar buɗewa wani ɗan kallo ya leƙo ya tambaye mu ko mun taɓa ganin fili mai ciyawa a kwance. Wasan farko da masu gida muka yi, Piyer a raga. Kada ki tambaye ni nawa aka zuba mana, na daina ƙirgawa na koma kallon takalmina. Da yamma Piyer da kansa ya je gun koci yana hawaye ya ce a ba ni ragata.

Koci ya kira ni da wulus ya zana a ƙasa da tsinke. Ya mayar da wulus can gefen hagu, nesa da ni, ya sa wani ɗan Tanna a tsakiya. “Shi wannan,” in ji shi, “ba ka auri kowa nasa ba ko?” Na ce a'a. Ya ce, “To hau kansa yadda kake so.” Da haka muka doke 'yan Solomon. 'Yan Tahiti sun fi mu, sun cinye mu da gaskiya, amma sai da suka yi gumi, golansu ma ya zo ya kama hannuna bayan wasa.

Sai jiya, wasan neman na uku da 'yan Papuwa. Muna gaba da ci ɗaya, saura kamar minti goma, ɗan Tannan nan ya faɗi ya riƙe idon sawu, aka fitar da shi a kafaɗa. Ba damar canji. Ba wanda ya ce wa wulus komai, shi da kansa ya taho tsakiya ya tsaya a gabana, don ba wanda zai iya riƙe dogon ɗan gabansu sai shi. Bai waiwayo ba.

Suka taso mana kamar igiyar ruwa. Na tare ta ƙasa, na tare ta gefe. Ina addu'a ɗaya kawai, kada a ɗago ta sama. Alƙali na duba agogo sai suka sami bugun kusurwa. Na ga ƙwallon ta taso tana lanƙwasa, ta nufo daidai inda wulus da dogon nan suke kafaɗa da kafaɗa, dogon kuma ya fi shi da tafin hannu guda. Na san in na tsaya, ta shiga. Na tuna ki, na tuna Sera, ƙafafuna suka yi nauyi kamar ranar nan a Vila.

Sai wulus ya yi ihu da harshenmu, muryar da ban taɓa jin ya yi ba: “Hau, mijin ƙanwata! Hau kaina!”

Na hau, Dokas. Ba wai hannu kawai na ɗaga a samansa ba. Gwiwata na kan bayansa, ƙirjina ya danne kansa, na cafke ta da hannu biyu a sama da kowa, muka zube mu uku. Ina kwance rungume da ita aka busa tashi.

Da aka jera mu za a ba mu lambar, masu badujala suka rasa taken wa za su busa mana, na Ingila ko na Faransa. Kafin su gama shawara Kalmari ya ɗaga waƙar coci da duk muka sani, mu goma sha takwas muka amsa, filin ya yi shiru yana saurarenmu. Mesiye Lafon yana kuka kamar yaro. Mutumin da ya yi mana tambayar ciyawa ban gan shi ba, na so ƙwarai in gan shi.

Wulus ya ce mini ba wanda ya gani daga garinmu sai mu biyu, shi kuwa bakinsa a rufe yake har kabari, kuma ai shi ya ce in hau. Na ce izininsa ba ya goge maganar tsoho. Ba zan iya zama a tabarmar mahaifinki in ci abincinsa da wannan a cikina ba. Na yi, da sanina na yi, kuma in aka sake ɗago ta gobe ban ce ba zan sake ba. Amma ke za a ɗauke daga ɗakinki, don haka takardar tana hannunki. In kin ga dama ki karanta musu, in kin ga dama ki jira in zo in faɗa da bakina.

Ba za mu taho da wuri ba. Gwamnoninmu biyu, na Ingila da na Faransa, kowanne ya ce sai ya yi mana liyafa bayan sabuwar shekara, kuma ba wanda zai je ta ɗan'uwansa. Ina tsoron isowa gida fiye da yadda na ji tsoron kowane ɗan gaba a nan.

Mijinki, in har yanzu ni ne,
Hansel

*

Lewetam, gidan Baba, 9 ga Janairu

Hansel,

Ka ga inda na rubuto daga, don haka ka san amsar tun kafin ka karanta. Amma ka karanta har ƙarshe wannan karon, kada ka tsaya a layi ɗaya ka je bayan fili kana kumbura. Muna lafiya. Akwai wata takardata tana jiranka a Vila tun Disamba, ka neme ta, ka ji kunya.

Ranar da rediyo ya faɗa, gari ya haukace. An buga ƙararrawar coci har igiyar ta tsinke, Inna ta yanka aladen nan mai fasa shinge, maƙwabta suka fi kowa murna. Baba ya yi rawa, ni ban taɓa ganin haka ba tun da aka haife ni.

Takardarka ta zo ranar Laraba. Na shige ɗaki na karanta ni kaɗai, sau biyu. Da na fito, ga mutane sun cika gindin bishiya, ga kujerar Baba, ga tsofaffi. Ina iya tsallake wurin, ba wanda zai sani. Amma na ce a raina, mijina ya tashi sama a gaban teku duka, ni zan ɓoye shi a gaban Lewetam? Na tsaya a tsaye na karanta, ban rage ko harafi ba. Da na kai ihun Edga, da ƙarfi na yi shi yadda ya yi. Samari suka ɓarke da sowa, sai suka tuna, suka yi tsit, kowa ya juya yana kallon Baba.

Ya ce, “Sake karanta wurin da ya ce ba zai ci abincina da ƙarya ba.”

Na sake.

Ya gyaɗa kai ya ce, “Je ki kwaso kayanki.”

Na kwaso, Hansel. Tukwanena, tabarmina, Sera a baya. Na ja ƙofar ɗakinmu na ɗaure da igiya, a nan ne ƙarfin halina ya ƙare, na zauna a bakin ƙofa na yi kuka mai isata. Na bi ta tsakiyar gari da kaya a ka, ba wanda ya yi dariya, wasu matan ma suka taya ni ɗauka. Na kwana huɗu a ɗakin da na yi ƙuruciya, ba na yi wa Baba magana.

Ranar Lahadi bayan sujada ya buga sandarsa a ƙasa ya ce kowa ya tsaya.

“Na ce zan karɓi 'yata, na karɓa,” in ji shi. “Akwai wanda zai ce maganata ta faɗi ƙasa?”

Tsofaffi suka ce babu.

Ya ce, “To yanzu ina da 'ya a gida ba miji. Bakinta ya yi kaifi, ba kowa zai iya da ita ba. Na ji labarin wani saurayi a Vila, an ce shi ya tsare ƙofar tsibiran nan duka bai bari an shiga ba, kuma an ba shi damar ƙarya ya ƙi. In yana so, ya zo da kawunsa ya nema kamar kowa. Ban ga wani da zan ba ba in ba shi ba.”

Tsohon nan mai dariya ta hanci ya ce, “Wannan ai zagaye ne.”

Baba ya ce, “Zagaye ne. Ka taɓa kama wani abu a sama da kai, ban da tari?”

Ka ji yadda aka yi. Yau ni ba matarka ba ce, sai ka zo ka nema. Ticha Klemen ya ce in tuna maka, tunda haka ne Edga ma ba wulus ɗinka ba ne har ranar, don haka kafin ku sauka daga jirgi ka kira shi da sunansa ka rungume shi yadda ya kamata, daga baya ba ka da wannan damar.

Ka taho da jirgin farko, ka bar gwamnoni su ci liyafarsu. Ka sa rigar, ka rataya lambar, ka biyo ta tsakiyar gari kowa ya gan ka. Zan zauna a bayan Inna in sunkuyar da kai kamar ban taɓa ganinka ba, kuma zan bar ka ka yi gumi kaɗan kafin in amsa. A karo na farko Baba ne ya zaɓa mini kai, na bi don an ce in bi. Wannan karon ko bai zaɓa ba, da ƙafata zan taho.

Dokas, 'yar gidan Baba, mai jiran manemi